Yadda ake ɗaukar murya a gyara ta har ta fita tas a rediyo

Salam jama'a. Kusan duk yaron da ya zo mana koyon aiki a nan Bauchi tambayarsa ɗaya ce, wai oga wace manhaja ce ake saka wa murya ta koma irin ta BBC Hausa ko DW. To gaskiya babu ita. Murya a wajen ɗauka take yin kyau ko ta lalace, kwamfuta ɗan share-share ne kawai nata, kuma akwai wata na'ura a gidan rediyo da ke zaune tsakanin situdiyo da turansmita mai watsa shiri a iska, wadda duk wani aibu da ka bari sai ta ɗaga shi sama kowa ya ji. Zan bi da ku daga farko har ƙarshe yadda nake yi in na fita ɗauko rahoto ko hira, wanda ya riga ya iya sai ya yi haƙuri da mu.

KAYAN AIKI

Makirufo. Iri biyu ne za ka fi cin karo da su, dainamik da kwandensa. Dainamik irin Shure SM58, wanda tun 1966 ake yin sa, shi ne na fita waje, ba ya kwaso hayaniyar nesa sosai kuma yana jure wahala ko ya faɗi ƙasa. Kwandensa ya fi jin ƙananan sauti amma fa komai yake kwasowa har kukan akuyar makwabta, kuma sai mikisa, wato na'urar da ake jona makirufofi a jikinta, ta ba shi wutar 48V kafin ya yi aiki. In ɗakinka ba a gyara shi don sauti ba kar ma ka ɓata kuɗinka a kwandensa. Sannan a kula jabun SM58 sun cika kasuwa, in ka ji kuɗin ya yi araha fiye da kima to ka san labarin.

Rikoda ta hannu, irin Zoom H1n ko Tascam DR-05. In babu, wayarka ta isa wallahi in dai ka bi abin da zan faɗa a mataki na 2.

Soson kan makirufo, in da hali har da mai gashin nan na tare iska. Lokacin hunturu ba a fita babu shi. In ba ka da ko ɗaya ka samu safa mai tsabta ka ninka biyu ka sa masa, tana rage wani abu.

Hedfon mai rufe kunne ruf. Wannan ba a sasanta shi, mutumin da ke ɗaukar murya ba ya saurare daidai yake da mai tuƙi ido rufe.

Wayar XLR mai ƙafa uku, in makirufon na haɗawa ne. Batura na ajiya. Laftof mai Audacity, kyauta ake sauke ta, ko Adobe Audition wadda tsofaffin ma'aikata har yanzu Cool Edit suke ce mata duk da tun 2003 Adobe suka saye ta. Sai ƙaramin rediyo ko wata 'yar lasifika mai araha ta gwaji, amfaninta na zuwa can ƙasa.

1. ZAƁEN WURI

Nan ne rabin aikin yake, shi ya sa zan daɗe a kai. Da ka shiga ɗakin da za a yi hira, kafin ka ciro komai daga jaka, tafa hannu sau ɗaya ka saurara. In ka ji tafin ya yi amsa-kuwwa ya dawo maka to ɗakin nan bai yi ba. Ofisoshin manya su ne suka fi wannan matsala, tayil a ƙasa, gilashi ko'ina, ga rufi mai tsawo, mutum yana magana kamar a cikin rijiya, kuma amsa-kuwwa in ta shiga fayil cire ta aiki ne ja. Ɗaki mai kafet da labule da kujerun kushin ya fi, ɗakin kwana mai katifa da kaya a rataye ya fi duka. In ka rasa wuri gaba ɗaya ku shiga mota a ɗaga gilasai a kashe inji, cikin mota na da kyau ƙwarai da murya, illa dai zafin Maris da Afrilu ba zai bar ku ku wuce minti goma ba. Ni in zan karanta rubutun rahoto a gida bargo nake lulluɓa da shi ni da rikodar, abin dariya ne in aka gan ka amma a saurari sakamakon.

Sai ka roƙi a kashe fanka da esi da firji da talabijin. Da ladabi ake yi, ranka ya daɗe a taimaka a kashe mana esin nan na minti goma don muryarka ta fita da kyau, ba wanda ya taɓa hana ni in na ce don muryarsa ne. Janareta kuwa in ba za a iya kashewa ba sai ku koma ɓangaren gidan da ya fi nisa da shi ku rufe tagar da ke kallonsa. Ka kuma duba agogo, in lokacin kiran salla ya kusa ka jira a gama a yi salla tukunna, lasifikar masallaci ba ta fita daga cikin hira, kuma yanka a tsakiyar kiran salla ba daɗin ji.

A waje kuma, misali ka je Muda Lawal jin farashin kayan gwari ko kasuwar Wunti, ba so ake hayaniyar ta ɓace ba, ai ita ce ke nuna wa mai sauraro cewa da gaske ka je kasuwar. So ake muryar ta hau kanta. Makirufo irin SM58 ta gabansa yake ji, bayansa kurma ne, saboda haka kai ka juya wa injin markaɗe ko titin da 'yan acaɓa ke wucewa baya, mai maganar ya fuskance shi, a bayansa kuma a samu bango ko buhunan kaya. Yara da yawa akasin haka suke yi, su tsayar da mutum titi na bayansa su nuna makirufo kai tsaye ga titin, ƙarshe sai hon ɗin keke napep ya fi ɗan kasuwar fitowa.

2. SETI DA RIƘON MAKIRUFO

A rikoda ka zaɓi WAV, wato fayil ɗin sautin da ba a matse ba, 48 kHz ko 44.1 kHz, 24 bit in akwai in babu 16 ya isa. Kar ka ɗauka da MP3 tun farko don ka yi tsimin memori, murya ta minti goma a WAV mono, wato layi ɗaya ba hagu da dama ba, ba za ta cinye maka ko mega 100 ba. In akwai wurin da rikodar ke daidaita ƙarfin sauti da kanta ka kashe shi, don duk sanda mutum ya yi shiru sai ta ɗago hayaniyar wurin. Mai amfani da waya ya sa ta a yanayin jirgi, in ba haka ba ana tsakiyar magana kira zai shigo, ko a ji wannan dit-dit-dit ɗin na netwok a cikin sautin. Ya kuma gano inda ramin makirufon wayar yake, yawanci a gindi ne, nan zai nuna wa mai magana.

Yanzu gen, wato yawan ƙarfin da ake buɗe wa makirufo. A mitar rikoda 0 dB shi ne rufi, sautin da ya buge shi ya fashe kenan, ka ji murya tana tsatstsagewa, kuma ba a ɗinke ta yadda take. Ka bar maganar tana yawo a wajen -12, in ya ɗaga murya ta taɓa -6. Wajen gwaji kar ka ce masa ya ce halo halo, tambaye shi ya hanya ya iyali ka ga inda mitar ke kaiwa, sannan ka ɗan rage kaɗan a kan haka domin mutane in an fara da gaske murya na tashi, balle 'yan siyasa in aka taɓo abokan hamayya.

Nisan baki da makirufo kamar taƙi ɗaya, kuma a ɗan karkace gefe ba daidai tsakiyar leɓe ba, saboda iskar da ke fita da b da f da t kar ta riƙa bugunsa bum bum. In wurin da hayaniya matso da shi kusa ka rage gen, kar ka tsaya nesa ka ƙara gen. Kuma dan Allah kar ka miƙa wa mai magana makirufo ya riƙe da kansa ko waye shi, zai yi ta nuni da shi yana kaɗa hannu, zobensa na ƙwanƙwasa jiki, sannan ƙwato shi ma wani aiki ne. Riƙe abinka ka tsayar da yatsunka wuri ɗaya. Haka nan ka daina cewa eh, haka ne, ƙwarai a kan maganarsa, gyaɗa kai ya wadatar.

Kafin ka tashi ka ce kowa ya yi shiru ka ɗauki daƙiƙa 20 zuwa 30 na wurin babu magana. Mutane na mantawa da wannan alhali shi za ka nema anjima wajen cire hayaniya da cike gurbin yanka. Ka kuma saurari ɗan ƙarshen abin da ka ɗauka tun mutumin bai tafi ba.

3. TURAWA

Masu aiko rahoto daga Azare, Misau, Ningi ko Alkaleri ku ji nan. Saƙon murya na WhatsApp matse shi ake yi sosai don ya yi sauƙin tafiya, an zubar da wani ɓangare na sautin har abada. Ka ɗauka da manhajar rikoda ka tura fayil ɗin a matsayin dokumen, haka zai iso yadda yake. In data ko netwok ya hana, ka mayar da shi MP3 na 128 kbps mono ka tura, shi ma a matsayin dokumen. Wanda ya karɓa ya ajiye asalin a gefe ya yi aiki a kan kwafi.

4. YANKA

Wannan kowa ya fi saurin koyo. Cire tari, maimaici da dogon shiru, amma kar ka cire numfashi duka, magana babu numfashi tana gajiyar da kunne. Yanka a farkon kalma ya fi ɓoyuwa, in gurbi ya yi tsit sosai ka liƙa ɗan shirun wurin da ka ɗauka. Abu ɗaya dai, kar yankanka ya sauya ma'anar abin da bawan Allah ya faɗa, wannan ya wuce batun sauti ya koma batun amana.

5. SHARE HAYANIYA

A Audacity duk suna ƙarƙashin Effect. Fara da High-Pass Filter, mai yanke sautin da ke ƙasa da inda ka tsayar da shi, a 80 Hz, in muryar mace ce ko yaro har 100 ba komai. Ƙasa da nan ba murya sai rugugin mota da iska da motsin hannu, kuma ƙaramin rediyo ma ba ya iya fitar da su, wahalar da na'ura kawai suke.

In kana jin wani huuum a ƙasa wanda ba ya tsayawa, na wuta ne. Wutar Najeriya a 50 Hz take juyawa, to sai ka sa Notch Filter a 50, in bai tafi ba ka ƙara a 100 da 150. In a kan ƙaramin janareta aka ɗauka ba lallai ya tsaya cif a 50 ba tunda gudun injin na hawa da sauka, nan sai ka buɗe Plot Spectrum, shi a ƙarƙashin Analyze yake, ka ga inda tsinin yake. Mafi sauƙi dai tun farko in da laftof kake ɗauka ka zare caja ka yi aiki da batir, sau da yawa nan take ƙarar ke ɗaukewa.

Sai Noise Reduction, wanda shi ne aka fi zalunta. Ka zaɓi shirun nan da ka ɗauka, ka danna Get Noise Profile, sannan ka zaɓi fayil ɗin duka ka koma ka rage. Ni tsakanin 6 da 10 dB nake tsayawa. Yaro zai kai shi 25 ko 30 yana murna ya kashe fanka, amma saurari muryar, ta koma kamar mutum na magana a ƙarƙashin ruwa da wani ƙyal-ƙyal a bayanta. Ɗan sautin fanka a ƙasa ya fi wannan sau goma, mai sauraro na mantawa da fanka cikin daƙiƙa biyar amma muryar ruwa ba ya sabawa da ita. Kuma a sani hayaniya mai tafiya iri ɗaya kawai yake iya kamawa, hon da kukan yaro da carar zakara ba ruwansa da su. Sababbin manhajojin AI ɗin nan masu wanke murya suna abin mamaki a wasu lokuta, amma ka saurara kalma bayan kalma, na sha jin sun tauna Hausa sun cinye ƙarshen kalmomi.

6. GYARAN LAUNIN MURYA

Shi ne ikyu, a Audacity Filter Curve EQ. Ƙa'idata ita ce rage kafin ka ƙara. In murya ta yi dum kamar daga cikin kwali, rage 2 zuwa 3 dB a tsakanin 250 da 400 Hz. In kalmomi ba sa fita sarai ƙara 2 dB a wajen 3 kHz, nan ne fahimtar magana take. Masu gabatarwa maza suna mutuwar son a ƙara musu bes don murya ta yi kauri, ni dai ba na biye musu, a hedfon ne kawai take daɗi, manomin da ya rataye rediyonsa a reshen bishiya a Dass ko mai shayi a Yelwa ba abin da zai ji sai gunguni.

Saman kuma a yi hattara, ga dalili. FM na ɗaukar sauti har 15 kHz, kuma kafin ya tashi turansmita na ƙara wa siraran sautuka ƙarfi da gangan, rediyon mai sauraro kuma ya rage su daidai gwargwado don shuuu ɗin iska ya ragu. Wajen wannan ƙarin, a ɓangarenmu ma'aunin 50 maikrosakan ake bi, Amurka 75, kuma da namu ɗin sautin da ke 10 kHz ana ɗaga shi wajen 10 dB. To ka ga in kai ma ka riga ka ƙara saman, duk s da sh da ts sai su riƙa tsatsa suna fashewa a iska, Hausa kuwa cike take da su. In mutum mai kaifin s ne ka rage kaɗan tsakanin 5 da 8 kHz. In kuma shirin a AM zai fita, saman ma ba ya isa can, abin da ya wuce 4.5 zuwa 5 kHz yawanci bai kai ga kunnen mai sauraro, tsakiyar ita ce komai.

7. MATSEWA

Kwamfuresa aikinta ta danne inda murya ta yi ƙarfi don a samu damar ɗaga duka, mai magana a hankali da mai ihu su kusanci juna. Ga inda nake farawa: reshiyo, wato yawan dannewa, 3:1, tireshol, wato inda take fara dannewa, wajen -20 dB, kamawa milisakan 5 zuwa 10, saki 100 zuwa 200. Abin lura shi ne kar ta danne fiye da 3 zuwa 6 dB a wurare masu ƙarfi. In wani wuri ɗaya ne ya yi ƙasa, kamar tambayarka da ka yi nesa da makirufo, zaɓe shi kaɗai ka ɗaga da Amplify, kar ka matse fayil duka saboda shi.

Dalilin sassautawar shi ne na'urar da na ambata, furosesa, irin su Orban Optimod da Omnia, wasu tashoshin kuma manhaja suke sawa kamar Stereo Tool. Doka ce siginar FM kar ta kauce fiye da 75 kHz daga mitar tashar don kar ta shiga gonar makwabciya, furosesa ce ke tsare wannan iyaka, kuma a hanya tana daidaita ƙarfi, ta raba sautin gida-gida ta matse kowanne, ta datse tsini. Wato duk abin da ka kawo za a sake matse shi ko ka so ko ka ƙi. In ka kawo shi a matse tamau, murya za ta fito a shaƙe babu rai, numfashi ya yi ƙarfi kamar magana, kuma duk inda aka yi shiru sai ka ji janaretan da ka ɗauka ya tafi ya taso fuuu ya koma. Haka take tona asirin MP3 mai ƙaramin nauyi da waƙar da aka sauke daga YouTube aka tura ta waya uku kafin ta iso situdiyo. Ita kanta furosesar kuma ba taka ba ce, ta injiniya ce, kar ka ga ɗakin a buɗe ka je kana murɗe-murɗe.

8. DAIDAITA ƘARFI

Mitar tsini, wato mai nuna ƙololuwar da sauti ya kai, ba ta faɗa maka yadda kunne ke jin ƙarfin abu, shi ya sa aka fito da ma'aunin LUFS. Ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai ta fitar da ƙa'idar R128 a 2010 inda ta tsayar da -23 LUFS, kuma Audacity na da Loudness Normalization da zai kai ka can da dannawa ɗaya. Amma ka tambayi injiniyan tasharku a nawa sauran fayilolinsu suke ka bi nasu, abin da ake so shi ne rahotonka da jingil da talla su fito kai ɗaya, kar mai sauraro ya yi ta kai hannu yana ragewa yana ƙarawa. In Facebook ko fodkas za a ɗora, -16 ake yawan bi. Bayan nan ka sa Limiter, mai hana sauti wuce iyakar da ka sa masa, a -1 dB ka bar shi haka.

In akwai kiɗa a ƙarƙashin magana ka sauke shi 15 zuwa 20 dB ƙasa da murya, kuma ka zaɓi wanda ba waƙa a ciki. Masu haɗa tallan maganin gargajiya da na makarantu ku ne da wannan, kiɗa na kokawa da mai magana har a gama ba a ji lambar wayar ba.

9. GWAJI DA FITARWA

Cire hedfon ka kunna a 'yar lasifikar nan ko a lasifikar waya, ka rage ƙarar, ka koma bakin ƙofa, in da fanka ma ka kunna. In ka fahimci kowace kalma to ya yi. Ka kuma haɗe shi ya zama mono ka saurara, don yawancin masu jinmu rediyo mai lasifika ɗaya gare su. Wani lokaci in an yi kuskuren haɗin wayar XLR aka juya ƙafa ta 2 da ta 3 a ɓangare ɗaya, hagu da dama sai su zama kishiyoyi, a hedfon ka ji komai lafiya amma a mono muryar ta ɓace ko ta koma siririya. In ka ga haka ka raba hagu da dama, ka jefar da ɗaya ka yi aiki da ɗayan.

Fitar da WAV in kwamfutar situdiyo na karɓa, in dole sai MP3 to 192 kbps zuwa sama, kuma sau ɗaya tak a ƙarshe, duk sanda ka buɗe MP3 ka sake ajiye shi a MP3 wani abu ya ƙara zubewa. Sunan fayil ka sa shiri da kwanan wata da tsawon minti, ba "sabo na ƙarshe 2" ba, mai aikin dare ba shi da lokacin buɗe fayil biyar.

10. IN SHIRIN KAI TSAYE NE DA KIRAN WAYA

Nan babu gyara daga baya. Abu na farko da za ka ce wa mai kira bayan sallama shi ne malam ko hajiya a taimaka a rage rediyo, in ba haka ba sautin zai zagayo ya yi ta kuwwa. Layin waya na yau da kullum daga 300 zuwa 3400 Hz kawai yake ɗauka saboda haka kar ka wahalar da kanka da ikyu, ba za ta yi kama da ta situdiyo ba, ka dai daidaita ƙarfinta da taka. Abin da mikisa ke mayar wa mai kira dole ya zama komai da komai banda muryarsa shi kansa, ana yin haka ta hanyar aux, wato wata mafitar sauti ta daban a jikin mikisa, ka buɗe na makirufonka da na baƙo ka rufe na layin wayar, in ka bar shi a buɗe zai riƙa jin kansa yana dawowa ya rikice. Tashar da ba ta da na'urar haɗa waya da mikisa, maimakon kara waya a bakin makirufo gara a nemi kebul daga ramin iyafis zuwa mikisa a rage gen sosai. Makirufon da ba a magana da shi a sauke fedarsa, wato maɓallin da ake ja sama da ƙasa a mikisa, makirufo uku a buɗe a ƙaramin ɗaki na sa murya ta yi kamar a cikin gwangwani. In kuma feda ta fara ƙarar-ƙarar in an ja ta, ƙurar hunturu ce ta shiga, ka gaya wa injiniya ya fesa mata maganin wanke kontak, kuma a riƙa rufe mikisar da kyalle in an tashi aiki.